Gurasa da romo a Xi'an, ƙasar Sin

Yau sanyi ya koro ni daga kan ganuwar Xi'an, jaka a baya, yatsu sun ƙage. Na faɗa wani shago a unguwar Musulmi, bayan Hasumiyar Ganga, na ce a ba ni paomo. Sai aka dire mini kwano da gurasa mai tauri, wai ni zan gutsuttsura kafin a zuba romon rago. Wani dattijo mai farar hula ya turo nasa kwanon in gani, ƙanana kamar ƙwayar wake. Ba Sinanci, ba Hausa, haka muka zauna muna ta gutsura har hannuna ya saki.

Romon ya yi daɗi, ba ƙarya, ga tafarnuwa mai zaƙi a gefe. Amma zaman nan da baba ya fi tsaya mini a rai.