Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙofa Mai Lamba 25565

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Kaka, amma yau zan tsallaka zuwa kullen korona na 2020, domin wata maganar Yaya ce ta hana ni barci jiya. "Abin da ba ka iya ba, ka bar wa masu shi." A gaban Baba ya faɗa mini, ana shan ruwa, kofin kunun tsamiya a hannuna.

Mu biyar ne muke buga Minecraft, wani wasan kwamfuta. Kano a kulle, ɗan Baffa yana Zariya, sauran kowa na gidansu. Na ce to, kwamfutata za ta riƙe duniyar wasan, su shigo daga can. Sai dai ita rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, kamar zaure take: ɗan gida ya fita ya dawo, amma baƙo ba ya wucewa sai an faɗa wa mai tsaron zauren ɗakin da za a kai shi. Wasan kuwa ta ƙofa mai lamba 25565 yake karɓar baƙi.

Rautar ta Yaya ce, mai layin waya a ciki, don aikinsa ya saye ta. Bayan asham na juya ta, na kwafi kalmar sirrin da ke liƙe a ƙasanta, na buga 192.168.0.1, adireshin shafin saita rautar. Na rubuta 25565 a gurbin waje da na ciki, na zaɓi TCP, tsarin aika saƙon da wasan ke amfani da shi, na sa adireshin kwamfutata, 192.168.0.105. Ɗan Baffa ya gwada, shiru. Aka ɗauke wuta, da ta dawo sai rautar ta ba ni wata lambar daban, aikin ya rushe. A nan na koyi ɗaure adireshi da lambar MAC, wato lambar shaidar kwamfuta a wurin rauta, don kada ya sake canzawa. Na buɗe wa wasan hanya a katangar tsaron Windows. Dare uku har sahur nake yi, ƙofa dai a rufe.

A rana ta huɗu intanet ya yi nauyi a unguwa baki ɗaya, Yaya ya ce ni na lalata masa kaya. Ya sa tsinke ya danna ɗan ramin bayan rautar, komai ya goge, ya canza kalmar sirri. Baba bai tambaye ni ba. Wannan ya fi yi mini ciwo, domin Baba mutum ne da ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa.

Sai bayan shekara uku, ina koyon aikin jan wayar intanet a ofisoshi, maigidana ya nuna mini abin da ban duba ba: adireshin da kamfani ke ba rautar kanta. Ya ce in ka ga ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to ba naka ba ne kai kaɗai. Adireshin intanet irin wannan, wato IPv4, bai wuce biliyan 4.3 ba a duniya, don haka kamfanonin waya kan tara jama'a da yawa a bayan adireshi guda, abin da ake kira CGNAT. Wato bayan zaurenmu akwai ƙofar gari, makullinta kuma ba ya hannunmu. Na tuna lambar da na gani a daren nan, da 10 ta fara. Ashe duk abin da na yi daidai ne. "Ka bar wa masu shi." Ko shi Yayan da ya zauna, da ba ta buɗu ba.

Wasan dai mun buga shi. Hamachi muka sa, manhajar da ke haɗa kwamfutoci kamar a gida ɗaya suke, wadda ke ɗaukar mutum biyar kyauta, da datar wayar Umma. Allah Ya saka mata da alheri, ba ta taɓa tambayata ina datarta ke tafiya ba.

A Sallar bara Yaya ya kira ni, kyamarorin shagonsa sun ƙi nunawa a wayarsa in yana gida. Na ce, "Yaya, duba mini lambar da ke shafin farko na rautar shagon." Ya karanto: 100.72. Na yi masa bayani dalla-dalla, na je na gyara. Maganar 2020 ban tayar ba, shi ma bai tayar ba. Mako mai zuwa zan koma kan rabon gadon Kaka, in Allah Ya kai mu.