Abin da na koya tsakanin kamara da makirfo

Kwantiragina da kamfanin da na shiga tun ban iya ƙirga kuɗi ba ya ƙare, na kuma shaida musu ba zan sabunta ba. Tun da maganar ta fita abokan sana'a ke ta aiko mini da saƙo, wasu na tambayar dalili, wasu na ba ni haƙuri tun ban faɗi abin da aka yi mini ba. Su ma sun san gidan, shi ya sa.

Duk wanda ya taɓa wuni a lokeshan ya san wadda ake kira yarinya mai kyan aiki. Ita ce wadda ke tsayawa daidai kan alamar da aka manna mata a ƙasa, ta haddace maganarta, ta zubar da hawaye da zarar darakta ya nema, a sake ɗauka har dare ba ta ce ta gaji ba. Ni ce wannan yarinyar, an kuma yabe ni a kai har yabon ya zauna mini a jiki. Sai da na tsaya gaban makirfo da sunan mawaƙiya na gane cewa duk horon da aka yi mini na bin umarni ne, ita kuwa waƙa tana son mutum ya san abin da yake so ya faɗa, da muryar da zai faɗe shi.

Mai kamfanin shi ya fara sa ni a fim. Baba nake ce masa, shi kuma 'yata yake ce mini, har gobe. Ba zan ɓoye alherinsa ba: ya hana a riƙa yi mini tsawa a gaban mutane, ya kuma tsaya sai da na gama makaranta. Da na fara girma sai aiki ya ja baya, kamar yadda yake yi wa kowane yaron fim. Na fi ƙarfin fitowa a 'yar autar gida, masu kallo kuma ba su yarda su gan ni a matsayin babbar mace ba. A wannan tsakanin ne ya ce tunda ina yawan rera waƙa idan an tafi hutun ɗauka, bari a gwada ni a sitidiyo. Na yi murna ƙwarai, domin na daɗe ina mamin waƙoƙin wasu a fim, bakina na motsi muryar wata na fita.

Matsalar ta fara ne daga murya. Mutane sun ɗauka muryar yara maza kaɗai ke sauyawa a lokacin balaga, alhali ta 'yan mata ma tana sauka, tana ƙara kauri, sai dai sauyin bai kai na maza bayyana ba. Tawa ta sauka sosai. Baba kuma muryar da ya sani a fim yake so, siririya mai zaƙi. Sai ya sa a riƙa ɗora mini kiɗa a sama da inda muryata ke zaune, inda na kasa kaiwa kuma injiniya ya ja ta da na'ura. A sitidiyo ana iya wannan dabara. A kan dandamali kuwa maƙogwarona ne ke biya, dare bayan dare, har na wayi gari muryar ta dishe ta ƙi komawa. Likita ya leƙa ya ce ƙananan ƙulli ne suka fito a kan tantanin muryar saboda tilasta mata da ake yi, ya sa ni yin shiru na makonni, ya kuma haɗa ni da mai koyar da murya. Ita ce mutum ta farko da ta fara tambayata inda waƙa ta fi yi mini sauƙi kafin ta taɓa kayan kiɗa.

Da na warke na rubuta waƙoƙina, na ɗauke su da muryata ta gaskiya, na kai masa cike da ɗoki. Bai saurari ta biyu har ƙarshe ba ya kashe. Ya ce, “'Yata, mutane ba ke suke saye ba, waccan yarinyar suke saye. Ranar da kika kashe ta, kin kashe kasuwarki.” Cikin taushi ya faɗa, yana murmushi, kuma na yi imani har zuciyarsa haka ya ɗauka. Ya sa kundin a ma'ajiya bai fitar ba. Da na ce to a ba ni in fitar da kaina, sai aka ɗauko mini takarda. A nan na ga cewa sunan da duniya ta san ni da shi rajistar kamfani ne, duk sautin da na ɗauka a sitidiyonsu nasu ne, waƙoƙin baya da na rubuta da hannuna kuma sunansa ne a gurbin marubuci. Iyayena ne suka sa hannu a takardar farko ina ƙarama. Ta biyun an miƙo mini ita ne a ofishinsa bayan na cika shekara 18, aka ce sabuntawa ce kawai. Wanda ka taso kana ce wa Baba ba ka iya ce masa bari in kai wa lauya ya duba, kuma ya san da haka sarai. Wannan sanin nasa ne har yau ban iya yafewa ba.

Bayan nan na shiga karanta tarihin waɗanda suka riga ni, na tarar hanyar tsohuwa ce. Jackie Coogan, yaron da ya yi fice tare da Charlie Chaplin a 1921, ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye mafi yawan abin da ya tara. Ya kai su kotu a 1938, shekara guda bayan haka jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ake kira da sunansa, wadda a yau ta wajabta ajiye kashi 15 cikin 100 na kuɗin yaro a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma. Judy Garland ta shiga hannun kamfanin fim a 1935 tana da shekara 13, ta kuma faɗa da bakinta cewa ana ba ta ƙwayoyi don ta jure aiki, a ba ta wasu don ta yi barci. Ta zama babbar mawaƙiya, wasan da ta yi a zauren Carnegie na birnin New York a 1961 har yanzu ana maganarsa, amma ta rasu a 1969 tana da shekara 47. Mawaƙiyar Amurka JoJo, wadda ita ma ta yi fim tana yarinya, ta sa hannu a kwantiragin waƙa tana da shekara 12, sai da ta je kotu a 2013 kafin ta kuɓuta, a 2018 kuma ta sake ɗaukar kundayenta biyu na farko daga tushe don masoyanta su samu.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce mawaƙiyar Indiya Lata Mangeshkar. Da mahaifinta ya rasu a 1942 ba ta cika shekara 13 ba, ta shiga fitowa a fina-finai don ta ciyar da ƙannenta, ba don tana son aikin ba. Da ta koma waƙa, wani furodusa ya ƙi ta a kan wai muryarta ta cika siranta. Ni an ce tawa ta yi kauri, ita an ce tata ta yi siriri, kuma dukkanmu wanda ba shi zai rera ba ne ya yanke hukuncin. Abin da ya fi burge ni shi ne bayan ta yi suna ba ta yi shiru ba. A shekarun 1960 ta tsaya kai da fata sai an riƙa ba mawaƙan fim kasonsu daga cinikin faifai, har suka ɓata da Mohammed Rafi a kan maganar, suka daina waƙa tare na wani lokaci.

Ga duk wadda ke shirin barin kamara ta koma makirfo, abu na farko shi ne ta san cewa kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta. Akwai haƙƙin rubutu da karin waƙar, akwai kuma haƙƙin sautin da aka ɗauka. Kamfani na iya mallakar na biyun saboda shi ya biya sitidiyo, amma na farkon na wanda ya tsara ne matuƙar bai sa hannu ya bayar ba, kuma shi ne ke ci gaba da kawo kuɗi duk lokacin da wani ya sake rera waƙar. Kuɗin da ake ba ki tun kafin aiki kuma bashi ne, daga kasonki za a cire shi, sau da yawa har da kuɗin bidiyo da na talla. Ni na ɗauka kyauta ce ta uba da 'ya, ashe wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Lauyan da zai karanta miki takarda ya zama ke kika nemo shi, ke kike biyansa. Sunan da za ki yi waƙa da shi kuma ki yi rajistarsa da kanki tun kafin ya yi daraja.

Sauran darussan ba su da tsawo. Masoyan da suka san ki kina yarinya za su ji haushin girmanki, wasu za su tafi, kuma ba laifinki ba ne. Ki girmama injiniyan sauti, domin shi ke jin gaskiyar muryarki kafin kowa. Kada ki yi waƙa da maƙogwaro mai ciwo don an riga an sayar da tikiti. Fim ya bar mini abu guda mai amfani: na iya tsayawa gaban jama'a ba tare da gwiwata ta yi rawa ba, na kuma san yadda ake faɗin kalma har ta shiga zuciyar mai sauraro.

Kundin nan yana nan a ma'ajiyarsu, ba na kuma sa ran za su sake shi. Waƙoƙin cikinsa dai ba su kai ga rajistarsu da sunan kowa ba, don haka na yi da nawa, ina kuma sake ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin sitidiyo da kuɗin aljihuna, da sunan da iyayena suka raɗa mini. Masu zuwa wasana yanzu ba su kai na da yawa ba, amma waƙar da na rubuta suke rerawa tare da ni. Maganar tsofaffin waƙoƙin da aka sa wa sunansa tana hannun lauya.

Na ji an ce Baba ya samu wata sabuwar yarinya, har ta fara fitowa, ita ma yana ce mata 'yata. Na nemi mahaifiyarta na ba ta lambar lauyana, na roƙe ta kada ta sa hannu a komai sai ya karanta. Ta ce mini ai Baba mutumin kirki ne. Na ce mata haka ne, amma ta kai takardar.