Makwabcina ya rasu, takardun fansho suka zama aiki

Jiya da yamma na leƙa gidan makwabcinmu a Ƙofar Ƙaura, matarsa tana cikin takaba, ta zube min takardu a kan tabarma ta ce "Yaya duba min, ni ban san ta ina zan fara ba". Wallahi sai da hawaye suka cika min ido, shekara goma sha bakwai yana aiki a kamfani ana cire masa kuɗin fansho, a shekarun baya-bayan nan kashi 8 na albashi duk wata su kuma masu kamfanin suna zuba kashi 10 kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada, amma ko lambar asusun bai taɓa nuna mata ba.

Kuɗin nan ba na tsufa kaɗai ba ne jama'a, in mutum ya rasu na magada ne, kuma akwai inshorar rai da doka ta wajabta wa kamfani, aƙalla ninki uku na albashin shekara. Wanda ya nakasa a bakin aiki kuma hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke biyan diyya.

Gobe in Allah ya kai mu zan raka ƙanin mamacin kotu neman takardar gado.