Kafin ka kwashi kuɗinka ka nufi Aliero, tsaya ka ji nawa

Jiya bayan la'asar ɗan ƙanwata ya shigo gidana yana ta rawar jiki, ko zama bai gama yi ba ya miƙo min waya, wai Kawu duba ka gani. Hoton albasa ne, buhuna a jere bakin titi, wani abokinsa ya turo masa ta WhatsApp daga Aliero, garin albasar nan na jihar Kebbi, har da farashi. Ya ce ya gama lissafi, in ya haɗa ɗan abin da ya tara da kuɗin adashin matarsa zai ɗauko buhu 10 ya zuba a ɗakin zaure, bayan damina ya sayar ya ci riba ninki. Sannan wai daga yanzu ya bar sayen kayan miya wurin mai teburin unguwarsu, tsada gare shi, duk sati zai hau mashin ya je Jega ya yo cefane mai yawa. Ina kallon yaron nan gabana yana faɗuwa, don wallahi maganar da na yi wa matata ke nan a 2021, ko wasali bai canza ba.

Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, kun dai san yadda albashi yake, kafin wata ya raba aljihu ya yi fayau. Tun da na yi aure wuri ɗaya nake cefane, wurin wani dattijo mai kayan gwari, kowa Baba yake ce masa. Yana da ɗan lambunsa a fadama, abin da bai noma ba ya saro wurin maƙwabtansa na lambu. Da hantsi za ka tarar da alayyahu da sauran laimar safe a jikinsa, tumatur ɗin da in ka danna da yatsa ba ya lotsawa, tarugu, tattasai, guro in lokacinsa ne. Ba shi da arha, wannan kam ba zan ɓoye ba, kuma ba ya son dogon ciniki, in ya ce albarka to ya gama magana. Amma a 2016 lokacin da tsutsar nan ta cinye tumatur a arewa, wadda aka riƙa kira ebolar tumatur, mutane suka koma na gwangwani da busasshe, Baba yakan ɓoye min 'yan ƙwaya biyar shida cikin leda a ƙarƙashin tebur, in na zo ya miƙo min ba tare da ya ɗaga murya ba. Duk wannan na shafe shi daga kaina ranar da na ji labarin arha.

Abin da ya faru shi ne, a Fabrairun 2021 bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, 'yan kasuwar abinci da na dabbobi suka tsayar da kai kaya kudu na wasu kwanaki. Kaya suka taru a nan arewa ba mai ɗauka, kuma daidai lokacin ciran albasa ne, farashi ya faɗi warwas. A ofis ba zancen da ake sai shi. Na ranto kuɗi na haɗa da nawa, na bi ta Kalgo na wuce Jega na shiga Aliero.

Wanda bai taɓa zuwa Aliero lokacin albasa ba ba zai gane ba. Tun daga bakin titi warinta ke tarbarka, buhu kan buhu, tireloli, 'yan dako suna ta kai da kawo, idonka har ruwa yake. Ina sauka wani dillali ya tare ni, kallo ɗaya ya yi wa gogaggiyar shaddata da takalmina ya san baƙo ne. Ya ce Alhaji taho ka gani, wagga albasa ba ta da ta biyu. Ya nuna min bakin buhu, manya manya jajaye suna ƙyalli. Ban ce a kwance ba, ban ce a juye ko ɗaya ba, kunya nake ji kar a ce ban san kan abin ba. Na biya buhu 8, na biya la'ada, na biya dako, na biya mota, na dawo gida ina jin na yi abin kai.

A ɗaki mai rufin kwano na jibge su, taga ɗaya ce kuma a rufe, cikin buhunansu yadda na sayo su, ga zafin bazara na Kebbi wanda ko mutum da ƙyar yake sha. Sai daga baya na san cewa manomin albasa ba haka yake yi ba. Shi sai ya bar ta ta sha iska har wuyanta ya bushe ya rufe, sannan ya zuba ta a rudu, wanda aka ɗaga daga ƙasa aka rufe da ciyawa iska na ratsawa, kuma duk bayan 'yan kwanaki yana dubawa yana tsince wadda ta fara lalacewa, duk da haka ma sai ya yi asarar wani abu. Na kuma san cewa albasar da aka cika wa takin yuriya aka yi ta ba ta ruwa har dab da cira, ita ce mai girma da nauyi da kyan gani, kuma ita ce ba ta ajiyuwa. Irinta na kwaso. Sati uku matata ta ce Malam wani wari nake ji daga zaure. Na buɗe ƙofa ƙudaje suka taso min, wani baƙin ruwa ya biyo siminti har bakin ƙofa. Na ɗauki ɗaya, daga waje lafiya lau take, na danna wuyanta babban yatsana ya nutse ciki. Kwana biyu muna tsinta ni da yara, abin da muka tsira da shi bai cika buhu 2 ba, sauran da dare na sa aka kwashe a baro aka kai bola don kar maƙwabta su gani.

Har yanzu in na tuna sai in ce ai ba haɗama ba ce, kuɗin makarantar yara nake nema wa, kuma akwai waɗanda suka sayi albasa a makon nan suka ci riba sosai, na san su. Da dillalin nan ya ji tsoron Allah ya gaya min gaskiya da ba haka ba. Amma kuma in na kwanta da dare na san akwai son a ce na iya a ciki, kuma ba wanda ya rufe min baki ya hana ni tambaya. Baba yana nan, kullum ta gabansa nake wucewa, tambaya ɗaya da na yi masa da ta ishe ni.

Kuma kar ku ɗauka na daddara. Sai ma na ce tunda na yi asara dole in fanshe a cefane, na shiga yawon kasuwanni kusan shekara biyu. Gaskiya na ga abubuwa, ba zan ce yawon banza ne duka ba. Jega kasuwa ce tun zamanin kakanni, mahaɗar hanyoyi ce, in busasshen barkono kake so ko hatsi ko wani abu mai yawa da zai ajiyu, ba ka da kamarta a kusa da mu. Argungu kuwa kifi da shinkafa, ga ganye mai kyau daga fadama in ka yi sammako. Yauri sau ɗaya na je, kifinsu na kogin Neja ya burge ni amma nisan ya yi yawa, sai dai in hanya ta bi da kai. Aliero albasa, ba musu, ga wanda ya san ta. Matsalar ita ce ni ɗanyen kaya nake kwasowa. Kwandon tumatur zan ɗauko, sama kamar a hoto, ana kaiwa tsakiya sai baje, ga jijjigar hanya ga rana ta ƙara dafa shi. Gida ba wuta balle a yi zancen firji, sai matata ta zauna tana tafasa tumatur har bayan isha'i, icen da ake ƙonawa ban taɓa sa shi a lissafi ba, haka man mashin, haka wunina guda. Ita ta yi ta faɗa min, ni kuma ina cewa ke ba ki san kasuwa ba.

Farkon 2023 da takardar kuɗi ta ɓace, nan na gane kurena. Ka je kasuwar ƙauye da kuɗi a waya, mai kaya ya ce shi bai san taransifa ba, mai POS kuma ko babu ko ya yanke ka. Ba wanda ya san ni a can balle ya ba ni bashi. Da kunya da komai na koma teburin Baba bayan kusan shekara biyu ina sauya hanya. Ya ɗago ya ce Malam kwana biyu, lahiya dai ko? Ya cika min leda, har da ɗan ƙarin tarugu, ya ce tahi da shi, in kuɗi sun hito ka kawo. Bai tambaye ni inda na shiga ba. Na hau mashin na kasa tada shi na ɗan lokaci.

Da na zauna rubuta wannan na yi niyyar jero muku abubuwa da yawa, amma na ga ba su da yawa. Kar ka sayi abin da ba ka da wurin ajiye shi, ko kyauta ake rabawa. Farashin da ka gani a waya ba shi ne farashi ba, sai ka ɗora kuɗin mai, wanda tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ya zama wani abu daban, ka ɗora la'ada da dako da wanda zai ruɓe, sannan ka zo mu yi magana. Kuma ku yaran yanzu abin da ke ba ni haushi da ku ke nan, komai daga hoto, mutum bai taɓa riƙe albasa ya duba wuyanta ba amma yana maka lissafin riba, ku shiga kasuwa ko sallama ba ku iya yi wa dattijo ba, kunne toshe da waya, kuna son abin da manomi ya shekara talatin yana koya ku same shi a sati ɗaya.

Ka samu mutum ɗaya mai gaskiya kusa da gidanka ka riƙe shi, ko da ya ɗan fi tsada, ka yarda da shi. To amma fa ko shi ne, in kwando za ka saya ka sa a juye, kar ka yarda da kowa a kan bakin buhu. Na san maganganun biyu kamar suna karo, ni dai haka na same su. Kuma ba cewa nake kar ku je kasuwannin nan ba, ku je mana, in ba ku je ba ina za ku koya, ni ma ai da ban je ba da ban san rudu ba. Amma ka je da ido da baki, ka bar kuɗin a gida karon farko, in ya zama dole ka sayi buhu ɗaya ka ga yadda zai kwana a hannunka.

Duk wannan na faɗa wa ɗan ƙanwata jiya, ya saurara yana ɗan murmushi, ya ce Kawu ai yanzu zamani ya canza. Na ce zamani ya canza amma ɗakin zaurenka rufin kwano ne. Na roƙe shi ko ba zai ji komai ba ya bar kuɗin adashin yarinyar mutane inda suke. Bai ce eh ba bai ce a'a ba, yana ta danna waya. Da zai fita na ce ranar da zai tafi ya biyo ta nan bayan asuba ya ɗauke ni, ni zan sa a kwance bakin buhun.