Inda na kai da lambar 4,294,967,297

'Yan uwa masu koyon lissafi, yau mako uku ke nan ina aiki a kan lamba guda, 4,294,967,297, wadda ake samu idan aka jera 2 har guda 32 aka ninka su da juna, sannan aka ƙara 1. Ita ce ta shida a jerin lambobin Fermat, bayan 3, 5, 17, 257 da 65,537, waɗanda dukkansu firam ne, wato babu mai raba su ba saura sai 1 da su kansu. A 1640 masanin lissafi Fermat ya zaci duk jerin haka yake, har sai da wani masanin, Euler, ya nuna a 1732 cewa wannan tana rabuwa. Na ƙudura sai na gano mai raba ta da biro da takarda.

Makon farko ya tafi a doguwar rabawa. Na bi firam ɗaya bayan ɗaya har 97, na tsaya da na fahimci cewa akwai guda 6,542 a ƙasa da 65,536, iyakar da ƙaramin mai raba lambar ba zai wuce ba.

Abin da ya buɗe mini hanya shi ne ƙa'idar Euler: duk firam da zai raba wannan lamba, idan aka cire masa 1, dole 64 ta raba shi. Da wannan sai 'yan takara suka ragu ƙwarai: 193, 257, 449, 577, 641. Na kuma daina taɓa babbar lambar kanta. Tunda 65,536 sau 65,536 a tara da 1 ita ce lambar, nakan nemi sauran da 65,536 ke bari, in ninka sauran da kansa, in sake rabawa, in ƙara 1. Ta haka 193 ta bar 109, 257 ta bar 2, 449 ta bar 325, 577 kuwa 288. Biyun nan na 257 ya kwantar mini da hankali, domin kowace lambar Fermat 2 take bari idan aka raba ta da kowace daga cikin waɗanda suka gabace ta a jerin, alamar hannuna bai kuskure ba.

A kan 641 sauran farko ya fito 154. Ninkinsa da kansa 23,716 ne, alhali 641 sau 37 na ba da 23,717. Ɗaya tak ya rage, kuma ɗayan nan shi ne wanda ake ƙarawa a ƙarshe, wato 641 na raba lambar ba saura. Na daɗe ina kallon layin kafin in ci gaba.

Abokin ninkin 641 shi ne 6,700,417. Idan shi ma firam ne, kamar yadda aka sani, lambar tana cikin rukunin masu firam biyu kacal, kuma gajiyayya ce, domin masu raba ta, ban da ita kanta, jimillarsu 6,701,059 ce kawai, ba ta kai lambar kanta ba. Ina so in tabbatar da hakan da hannuna. Masanin lissafi Lucas ya tsaurara ƙa'idar a 1878 daga 64 zuwa 128, don haka a ƙasa da 2,589 (wadda ninkinta da kanta ya wuce 6,700,417) gwaji huɗu suka rage mini: 641 a karo na biyu, 769, 1,153 da 1,409.