Filashin da na fizge da safe

Talata, da dare.

Yau na sha kunya a wajen aiki, kuma ba wanda ya jawo min sai hannuna.

Da safe kwamfutata ta ƙi tashi, sai na ari ta ƙanina, wadda ya ɗora wa Linux, wata manhajar sarrafa kwamfuta da ba Windows ba. Bidiyon da zan nuna wa abokan aiki yana cikin babban faifan ajiyata na waje, ina so in kwafe shi zuwa filash don ya fi sauƙin ɗauka. Girmansa gigabayit uku da ɗoriya. Ina danna kwafi, kafin in gama ɗaura agogo layin ya cika, har na ce a raina lallai wannan kwamfuta akwai gudu. Na fizge filash na jefa aljihu. 'Yar fitilar jikinsa tana ta ƙyaftawa a lokacin, na gan ta sarai, amma sauri ya hana ni tunani.

Da aka zauna na soka shi a kwamfutar ofis. Sunan fayil yana nan daram, girmansa kuwa sifili. Na danna, shiru. Na sake dannawa, kowa ya zuba min ido. Windows ta ce akwai matsala a filashin, ko a duba a gyara? Na yarda. Abin da ta tsinto min wata ɓoyayyiyar folda ce mai suna FOUND.000, cikinta gutsattsarin fayil irin su FILE0000.CHK, waɗanda ba su buɗuwa da komai. Haka aka ɗage abin zuwa gobe.

Na dawo gida ina huci, na ce wa ƙanina kwamfutarsa ta cuce ni. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yaya, ka danna cirewa kafin ka zare?"

Na ce ai na ga layin ya cika.

Sai ya yi dariya ya jawo kujera. Wai cikar layin ba ta nufin kaya sun isa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ram, ta fi filash sauri nesa ba kusa ba, don haka takan karɓi fayil ɗin ta riƙe a wajenta, ta ce maka an gama, sannan ta ci gaba da tura shi a hankali ta bayan fage. Kamar magatakardan da ya karɓi takardarka ya ce jeka abinka, alhali bai shigar da ita rajista ba tukuna. Danna cirewa shi ne ka ce masa ya ƙarasa rubutun ya rufe littafi. Ƙyaftawar fitilar nan da na raina, rubutun ne ake yi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, filashina tsarin ajiyar fayil na FAT32 ne. Wannan tsari yana da tebur da ke nuna inda kowane guntun fayil yake, kuma ba ya ajiye bayanin aikin da yake shirin yi kamar yadda wasu tsare-tsaren irin su NTFS ko ext4 suke yi. In ka katse shi a tsakiya, teburin ya faɗi wani abu, abin da ke cikin filashin ya faɗi wani. Ashe ma na yi sa'a, don yakan taɓa har tsofaffin fayiloli.

Ban saduda nan take ba. Na ce shekara nawa ina zare filash a tawa kwamfutar mai Windows ban taɓa ganin haka ba? Ya ce tun sigar Windows 10 ta 1809, wadda ta fito a ƙarshen 2018, Microsoft ta mayar da tsarin saurin cirewa ya zama na asali ga na'urorin ajiya na waje, ba a jinkirta rubutu. Wato ba iyawata ba ce, rufa min asiri aka daɗe ana yi. Kuma ko a can ɗin, in ka zare ana tsakar kwafi, sai ka ga ba daidai ba. Mac kuwa, kwamfutar kamfanin Apple, har faɗa take yi maka a allo in ka zare ba sallama. Wannan magana ta ɗan yi min zafi, musamman da ta fito daga bakin yaron da ni na koya masa riƙe linzamin kwamfuta.

Bayan ya tashi na sake kwafin. Wannan karon na danna cirewa, na zauna ina kallon fitilar. Ta kai kusan minti biyu tana ƙyaftawa bayan layin ya cika. Minti biyu! Da safe ko daƙiƙa biyar ban ba ta ba.

Babban faifan kuma ya ƙi fita, wai ana amfani da shi. Na duba, ashe manhajar kallon bidiyo ce na bari a buɗe tana riƙe da fayil ɗin. Na rufe ta, na sake dannawa, na ɗora yatsa a bayansa. Faranti ne a ciki mai juyi 5,400 a minti, sai na ji 'yar rawar da yake yi tana raguwa har ta tsaya cik, sannan na zare kebul.

Kwamfutata ta tashi ɗazu, caja ce ta saki. Na soka filash na duba girman fayil ɗin sau uku, na kuma kalli bidiyon har ƙarshe. Yana cikin aljihun rigar da zan sa gobe.