Garmaho mai silindar kaki: sanin silinda kafin a taɓa inji

Kafin faifan garmaho mai faɗi da iyayenmu suka sani ya mamaye kasuwa, a jikin silinda ake ɗaukar murya. Thomas Edison ya ƙera injinsa na farko a 1877 a Menlo Park da ke jihar New Jersey ta Amurka, inda allura ke lotsa siririn fallen kuza da aka naɗa a jikin ganga. Ba ya jure saurare, sau kaɗan ya lalace. Chichester Bell da Charles Sumner Tainter ne suka zo da dabarar sassaƙa sautin a kan kaki, suka yi mata rajista a 1886, sannan Edison ya dawo a 1888 da silinda ta kaki zalla. Kamfaninsa bai daina buga silinda ba sai a 1929. Wadda aka fi samu siffarta kamar kofin shan ruwa marar gindi, tsawonta inci huɗu da ɗan ɗori, faɗin bakinta inci biyu da kaɗan.

Sabon mai tara waɗannan kaya kusan kullum inji ne ke ɗaukar hankalinsa: akwatin katako mai sheƙi, ƙaho, hannun wanawa. Sai ya daɗe a harkar yake gane cewa injin ne mai sauƙin sha'ani. Sifirin ya tsinke, akwai sabo. Bel ya ruɓe, a yanka wani. Silinda kuwa in allura ta kankare ta, ko funfuna ta ci ta, ko ta tsage, muryar da ke jikinta ta tafi ke nan, kuma wani lokaci ita kaɗai ce ta rage a duniya.

Iri huɗu na kamfanin Edison su ne ginshiƙin sani. Na farko ruwan ƙasa ce, ta shekarun 1890 zuwa farkon 1900, mai taushi, wadda za a iya aske ta a sake ɗaukar wani abu a kai. Ba kakin zuma ba ne, haɗi ne mai kama da sabulu, na sinadarin sitiyarik da gishirin soda da na alminiyon, kuma wannan ne ya sa funfuna ke samun abinci a jikinta. Ba ta da tsayayyen gudu: wata juyi 120 a minti, wata 144, wata 160. A 1902 aka fito da baƙa mai suna Gold Moulded, wadda ake zubawa a mazubi, ta fi tauri, tana da layin sauti 100 a kowane inci, tana juyi 160 a minti, tana ɗaukar minti biyu. A 1908 sai Amberol ta zo, layi 200 a inci, minti huɗu. Don layukan su tsaya sai da aka ƙara wa kakin tauri, ya koma mai gautsi ƙwarai. Amberol ta kaki kan fashe ita kaɗai a cikin kwalinta ba wanda ya taɓa ta. Ta huɗu ita ce Blue Amberol ta 1912, shuɗiya, fatarta seluloyid (wani irin roba mai tauri), cikinta filasta (farin siminti irin na ɗorin karaya). Ita ba kaki ba ce sam, kuma ita ce wadda ta dace sabon shiga ya fara da ita, domin tana jure kuskure.

Kowane iri da allurarsa, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Layin silinda ba hagu da dama yake karkata ba kamar na faifai. Zurfi yake yi yana tudu, allura na hawa da sauka a cikinsa. Kan sauti, wato sashen inji da ke riƙe allura yana fitar da murya, iri-iri ne: ƙirar C yana da allurar dutsen safaya mai faɗi, ta minti biyu. Ƙirar H tana da siririya, ta minti huɗu. Ƙirar K ta haɗa biyun, a juya a zaɓa. In aka ɗora mai faɗi a kan Amberol, ba ta shiga layi, sai ta hau bangon layukan ta murƙushe su. In aka ɗora siririya a kan ta minti biyu, sai ta nutse ta yi ta haƙar gindin layi. Mafi muni shi ne kai mai allurar daimon, irin Diamond B, wanda aka yi domin Blue Amberol: nauyinsa da kaifinsa na aske kaki a juyi ɗaya, mutum na gani farin gari na taruwa a bakin allura. Duk lokacin da aka ga wannan gari, a ɗaga kai nan take. Ruwan ƙasa kuma ko ƙirar C ta yi mata nauyi. Masu kula sukan nemi tsofaffin kawuna marasa nauyi, irin Automatic ko ƙirar B. Kafin a saurari komai, a duba allurar da gilashin ƙara girma. Safaya na iya ɓalgacewa ko ta side ta yi gefe mai kaifi, kuma ido kaɗai ba ya gani.

Ba allura ce ke jan kai ba. Akwai dogon sukuru mai siririn zare da ke juyawa tare da gangar da ake zura silinda, da wani rabin noti da ke zama a kansa yana tura kai daga hagu zuwa dama. A injunan Edison ƙirar Home da Triumph sukurun na kan sanda ɗaya da gangar, zare 100 a inci. Saboda haka dole tafiyar inji ta yi daidai da layin silinda: injin da aka yi kafin 1908 na minti biyu ne kawai, sai in an ƙara masa giyar canji. In giya na kan biyu, silinda ta huɗu ce, allura za ta riƙa tsallake layuka tana karce su. Kada kuma a taɓa jan kai da hannu alhali rabin notin na zaune a kan sukuru. Zaren na da laushi, in ya side sai sauti ya riƙa maimaita wuri ɗaya.

Wannan lissafi na layi shi ne hanya mafi sauƙi ta daidaita gudu. Juyi 160 a minti, layi 100 a inci, ke nan kai zai yi tafiyar inci 1.6 cikin minti guda. Injuna da dama na Edison suna da zobba biyu da aka zana a sandar baya da kai ke tafiya a kanta, tazararsu daidai wannan. A sa giya a minti biyu, a duba agogo, a murɗa sukurun gudu har kai ya ci tazarar cikin daƙiƙa sittin. Ga ruwan ƙasa, kunne ne alƙali: yawancinsu suna farawa da muryar mai shela yana faɗin sunan waƙa da kamfani, to a daidaita har muryar ta zama ta mutum, ba ta shaƙe ba, ba ta yi nauyi ba.

Injin da ya shekara ɗari a ajiye kada a wana shi a sa masa silinda a ranar da ya iso. Giris ɗin da ke cikin gidan sifirin ya daskare, naɗin sifirin ya manne da juna. Yana aiki sai a ji “dum”, naɗi ya saki da ƙarfi, allura ta yi tsalle. Magani shi ne a fitar da sifirin, a wanke da kananzir, a sa sabon giris. Sai dai aikin na da haɗari. A bar injin ya warware gaba ɗaya kafin a kwance ko sukuru ɗaya, kuma ko bayan haka sifirin na da ƙarfin da zai yanke yatsa in ya kubce daga gidansa. Wanda bai taɓa yi ba ya kai wa wanda ya iya. Gwamna, wato ƙananan dunƙulallun ƙarfe da ke buɗewa a kan siraran sifirin suna riƙe gudu, in ɗaya ya karye ko ya fi sauran sanyi, murya za ta riƙa rawa. A canza su duka tare, ba ɗaya ba. Ɗigon man keken ɗinki ya isa ga kowane boris da ɗan ƙyallen birkin gwamna. Bel na fata kuwa kada mai ya taɓa shi, zamewa zai yi. In an yi sabo, a fiƙe bakin biyu a ɗora su a manne ta yadda mahaɗin ba zai yi tudu ba, in ba haka ba duk zagaye sai an ji shi a sauti.

In murya ta fito siririya tana zizar ƙarfe, da wuya laifin silinda ne. A cikin kai akwai tantani, na jan ƙarfe ko na maika (wani dutse mai ɓarewa falle-falle), tsakanin zobban roba biyu. Robar ta bushe ta zama kamar ƙashi, iska na zurara, tantanin ba ya motsi yadda ya kamata, kuma taurin nan na komawa kan layin silinda ya ci shi. Canza zobban aiki ne na minti kaɗan, kuma babu gyaran da ya kai shi canza sauti. Matsalar da ta fi wuya ita ce ƙarfen zubi mai zinki da aka yi wasu sassa da shi a ƙarshen shekaru goman farko na ƙarni na 20. Yana kumbura da tsufa, yana tsattsagewa. Boris ɗin ganga a injin Edison ƙirar Standard D ya yi ƙaurin suna a kan haka: ganga ta cije, mai shi ya sa ƙarfi, wani abu ya karye. Kai ma kan kumbura ya maƙale a mazauninsa. Guduma ba ta da aiki a nan, sai mai mai ratsa tsatsa da haƙuri na kwanaki.

Riƙon silinda kansa abin koyo ne. Yatsu biyu ake zurawa a cikinta a buɗe su, ba a taɓa bayanta, domin maiƙon hannu na zama abincin funfuna. Ganga tana da tsukakken baki, silinda ta fuska ɗaya take shiga. A tura a hankali har ta kama, kada a danna. Da an gama saurare a cire ta. In aka bar ta a kan ganga ɗaki ya yi sanyi, kaki na tsukewa fiye da ƙarfe, sai ta cije ko ta tsage daga baki zuwa baki. Haka kuma wadda ta fito daga sanyi, ɗumin hannu kaɗai na iya fasa ta. A bar ta cikin kwalinta yini da kwana a ɗakin kafin a buɗe. A ajiye su a tsaye, ba a kwance ba, a wuri mai sanyi da bai cika sauyawa ba, danshi ƙasa da kashi 50 cikin ɗari. Wanda ke riƙe da irin wannan kaya a ƙasashenmu yana da abokan gaba biyu, zafin bazara da danshin damina, kuma na biyun ya fi ɓarna. Audugar da aka shimfiɗa a cikin tsofaffin kwalaye tana riƙe laima. Duk wadda ta nuna fararen tabo a ware ta daga sauran. Tabon funfuna ba datti ba ne da zai goge, ramuka ne a inda aka cinye layin, shi ya sa wurin ke fitar da shuu maimakon waƙa. Ruwa, sabulu, ko sinadarin goge-goge duk ba su da wuri a kan kaki, kada garin gyaran gira a rasa ido. Burushi mai laushi, a bi da shi yadda layi ya tafi, ya wadatar. Blue Amberol kuma nata ciwon daban: seluloyid na tsukewa, filasta na kumbura, sai ta ƙi shiga ganga. Ana ɗan kankare filastar daga ciki kaɗan-kaɗan ana gwadawa. A nisanta ta da wuta, seluloyid na kamawa nan da nan.

Wajen saye, murfin kwali ba shaida ba ne, domin murafu sun sha musanya cikin shekaru ɗari. A karanta bakin silindar, ko a saurari shelar. Injin ma a duba ko an haɗa shi da sassan ƙira daban-daban, ko ƙahon sabon yi ne. Babban ƙaho mai siffar fure yana buƙatar sandar rataya. In aka bar nauyinsa a kan kai, silinda ce za ta biya.

Da kunne ya saba, akwai abin sha'awa a sautin. Babu lantarki a ɗaukarsa, ƙarfin iskar mai busa ko mai waƙa ne ya motsa allurar da ta sassaƙa layin. Shi ya sa ƙahonin badujala da banjo suka fi fita, goge irin na Turawa kuwa ya yi rauni har sai da Augustus Stroh ya ƙera wani mai ƙaho a jiki a Landan a 1899. Silinda ta fi faifai a abu guda: gudun da layi ke wucewa ƙarƙashin allura ɗaya ne daga farko har ƙarshe, alhali a faifai yana raguwa in an doshi tsakiya, sauti ya dushe.

Akwai silindodin da, a ganina, bai kamata mai tarawa ya ɗora musu allura ba ko sau ɗaya: waɗanda aka ɗauka a gida ko a fagen bincike, masu kwafi ɗaya tak. Masanin al'adu Jesse Walter Fewkes ya ɗauki waƙoƙi da labaran mutanen Passamaquoddy, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, a jihar Maine a 1890. Northcote Thomas, wani masanin al'adu ɗan Birtaniya, ya ɗauki ɗaruruwa a ƙasar Edo da ta Ibo da kuma Saliyo tsakanin 1909 da 1915, suna ajiye a Laburaren Birtaniya. Irin waɗannan a yau ana kwashe sautinsu da injin zamani mai sauƙin allura kamar Archéophone, ko da na'urar IRENE ta ɗakin binciken Lawrence Berkeley, wadda ke ɗaukar hoton layin da haske, kwamfuta ta mayar da shi sauti ba tare da an taɓa kakin ba, har da na silindar da ta fashe. Wanda ya ci karo da ruwan ƙasa marar suna a jiki, ya bar ta a kwalinta, ya rubuta inda ta fito da duk wata takarda da ke tare da ita, ya tuntuɓi ma'ajiyar sauti. Mai son jin yadda na kasuwa suke kafin ya kashe kuɗinsa kuma, Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ta sa fiye da 10,000 a intanet kyauta.